Sunan Zane da Abin da Yake Ɓoyewa a Fadar Versailles

A 1837 sarki Louis-Philippe ya mai da fadar Versailles gidan tarihi don ɗaukaka Faransa. Cikin zane-zanen da ya sa aka yi akwai na Horace Vernet (1845), mai tsawon mita 21, wanda aka raɗa wa suna "Kama zangon Abdulƙadir". Mu lura da wannan suna: ya ambaci shugaban Aljeriya, alhali ba ya nan lokacin da duc d'Aumale, ɗan sarkin, ya afka wa zangon, cike da mata da yara, a 1843. Abdulƙadir bai miƙa wuya ba sai 1847. A ganinmu, duk mai kula da gidan tarihi da ya bar sunan ba bayani, bakin fada yake ara.