Yadda Ake Warware Tsohon Hoto

A cikin adakar kakanmu a Kusada na tarar da hoton, ƙarƙashin tsofaffin takardun haraji da wata jar dara da asu ya cinye. Ya naɗe kamar tabarma, ya bushe ƙamas, gefe guda ya tsage. Ta ɗan bakin da ya buɗe ina hango hayaƙin jirgin ƙasa da wasu duwatsu a ɗore kan juna. Har na kai hannu zan buɗe shi da ƙarfi, sai Allah ya sa na tuna da wani dattijo a Kankiya wanda ya yi shekaru yana gyaran tsofaffin takardu kafin ya yi ritaya. Na sa hoton a kwali, na hau mashin.

Da na miƙa masa, bai karɓa ba. Sai da ya wanke hannu da sabulu, ya goge, ya jira suka bushe sarai, don gumi da maiƙon yatsa kan bar tabon da ba ya fita. Sannan ya ɗauki hoton ta gefe-gefe, ya aza kan farar takarda.

"Baba, ba za a buɗe a gani ba?"

"Sannu dai, ɗana. Abin da ya shekara sittin a naɗe, ba a warware shi da rana ɗaya."

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Hoto irin na da hawa biyu ne: takarda a ƙasa, a samanta kuma wani siririn shafe mai kama da ƙaro, wanda ake kira jelatin, a cikinsa ne ƙwayoyin azurfa da suka zama hoton suke zaune. In hunturu ya busa, shafen ya fi takardar tsukewa, sai ya ja ta ta naɗe. Wanda ya miƙe ta a bushe zai ji ƙas, fuskar hoton ta tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara, kuma wannan ba ta da magani.

Ya ɗauko buroshi mai laushin gashi ya share ƙurar da ke baya, daga tsakiya zuwa gefe, kullum hanya ɗaya. In ba a fara da wannan ba, ƙura ta haɗu da danshi ta zama laka. Daga nan ya kawo babbar roba mai murfi, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a gindinta, ya kifa rariya a kai, ya aza hoton bisa rariyar, ya rufe. Ruwa bai taɓa hoton ba, laimar da ke cikin robar kawai yake sha. Bayan ɗan lokaci kaɗan sai ya ɗaga murfi ya duba, don in ya wuce kima shafen zai yi danƙo, ya kama duk abin da ya taɓa shi. Muka yi azahar, muka dawo. Kafin la'asar hoton ya saki jiki da kansa, ya yi laushi kamar ganye.

Ya shimfiɗa shi, ya rufe fuskarsa da wani siririn ƙyalle da ba ya mannewa, ya sa takardar shan tawada sama da ƙasa, ya ɗora gilashi, ya danne da littattafai. Takardun nan sai an riƙa canza su suna tsotse danshin. Ya ce in dawo bayan mako guda.

Ranar da na koma na tarar yana dama gam. Sitacin alkama ne, ya dafa shi a wuta kaɗan-kaɗan yana juyawa har ya yi sheƙi, ya bar shi ya huce, ya tace, ya tsinka shi da ruwa har ya koma kamar koko mai ruwa-ruwa. Abin facin kuwa takardar Japan ce, wadda ake yi da ɓawon wata bishiya, sirirya har ana ganin yatsa ta cikinta, amma zarenta dogo ne mai ƙarfi. Bai sa almakashi ba. Ya ja layi da jiƙaƙƙen buroshi, ya yage ta a kan layin, bakin ya fito da gashi-gashi. Waɗannan gasun su ke kama jikin hoton su ɓace a ciki, alhali yankan almakashi kan bar kaifin da wata rana zai zama sabuwar karaya. Ya kifa hoton, ya haɗa bakin tsagar daidai yadda ta rabu, ya shafa gam a jikin facin, ya kwantar da shi ta baya, ya danne. Abin da ya fi burge ni shi ne dalilinsa na zaɓen sitaci: duk ranar da wani ya zo da dabarar da ta fi tasa, ɗan danshi ya isa ya cire facin ba tare da ɓarna ba. Na tuna hotuna nawa na gani a gidaje an manne su da salatif, ya yi ja ya ci takardar, ko an kai shago an gasa su cikin leda don a huta da wahala.

Sai da aka gama wannan duka ya ɗauko tabaron ƙara girma, muka duba abin da ke ciki. Ƙaramin kan jirgi ne da taragai, a gindin duwatsu, ga wani mutum tsaye kusa da dogo. Dattijon ya gwada faɗin dogon da tsawon mutumin, ya ce wannan ba babban layi ba ne. Layin da ya iso Kano a 1911, da wanda ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, faɗinsu ƙafa uku da inci shida ne. Mai ƙafa biyu da inci shida shi ne ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos, ya kai Bukur a 1914, aka rufe shi a 1957. Ke nan hoton ya girmi 1957, kuma ga duwatsun sun yi kama da na wancan yanki. A gidanmu an sha faɗa cewa kaka ya yi aikin kuza. Ga alama da wannan hoton ya dawo.

A wasu ƙasashe irin waɗannan hotuna ba a adaka suke ƙarewa ba. A Kanada, kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific ya kammala layinsa a 1885, shekarar da aka fara keɓe yankin Banff a tsaunukan Roki. Kamfanin ya riƙa ɗaukar masu zane kyauta don su zana tsaunukan a jawo 'yan yawon buɗe ido, ya kuma buɗe otal a can a 1888. Shi ya sa zane da hotunan wuraren suka cika gidajen tarihinsu. Namu jirgin don kuza ya hau dutse, ko da yake Turawa kan je Jos shan sanyi, kuma babu wanda ya ɗauki mai zane don leburan da ke cikin tarago. Takardun gwamnati na lardin Katsina suna ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna, amma fuskokin mutanen suna cikin adaka irin tamu, inda gara da ɗigar damina ke jiransu.

Dattijon ya juya hoton, ya ɗauki fensir mai laushi, don tawadar biro kan huda ta fito ta gaba. A can gefe ya rubuta da ɗan ƙaramin hannu: layin Zariya zuwa Jos, kafin 1957, daga Kusada. Ya sa shi a ambulan na takarda marar asid, ya ce kada in ajiye a ƙasa ko jikin bango, kada kuma in rataye inda rana ke bugawa. Sannan ya tambaye ni ko akwai sauran takardu a adakar. Na ce akwai. Ya ce in kawo su yadda suke, kada in cire ko allurar da ta yi tsatsa.