Littafin "Aikin Inuwa" a Ma'aunin Malamanmu



Kwanakin baya, da muka tashi daga darasin Ahalari, wani ɗalibi ya tsaya har kowa ya watse, sannan ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon TikTok ne, wata budurwa tana bayani da Larabci kan abin da ta kira aikin inuwa. Ya ce, "Malam, wannan halal ne?" Na ce ya ba ni mako guda. Ya turo mini shafukan littafin da ake magana a kai, wani ɗan'uwa mai jin Ingilishi ya zauna da ni dare biyu muna bi ɗaya bayan ɗaya.

Sunan littafin The Shadow Work Journal. Wata matashiya 'yar Amurka, Keila Shaheen, ta buga shi da kanta a 2021, sai a 2023 TikTok ya ɗaga shi ya shiga duniya. Ita dai ba likita ba ce. Yawancin shafukan ma layuka ne babu rubutu, kai za ka cike. Ana tambayarka abin da aka riƙa yi maka faɗa a kai kana yaro, da halin da ya fi ba ka haushi a jikin mutane. Ana sa ka rubuta wa ƙuruciyarka wasiƙa, ko ka zauna gaban madubi kana kallon idonka. Tushen tunanin daga Carl Jung yake, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1961, wanda ya ratsa Sudan ta kogin Nilu a 1926. Shi ya kira duk abin da mutum ya ƙi yarda yana cikinsa da suna inuwa: ka tura shi baya, shi kuma yana bin ka, har ka fara ganinsa a jikin wasu kana tsanarsu saboda shi. Kalmar kam ba ta zauna wa Bahaushe ba. Wanda ya san ranar Gadarif a watan Afrilu, in an ce inuwa, hutu yake ji.

To, in fara da inda littafin ya yi gaskiya, don adalci ya wajaba ko a kan wanda ba namu ba. Gaskiya ne abin da aka binne a zuciya ba ya mutuwa. Mutum zai rantse ba ya hassada, amma ranar da maƙwabci ya kai riɗinsa kasuwa ya samo farashi mai kyau, sai abinci ya ƙi shiga. Tambayar nan ta halin da ya fi ba ka haushi a jikin mutane kuwa, da na ji ta sai na yi murmushi, don Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya riga su. A cikin Ihya'u ya kawo hanyoyi 4 da bawa zai san aibin kansa: zama gaban malami mai basira, neman aboki mai gaskiya da zai sa masa ido, sauraron abin da maƙiya ke faɗa a kansa, da cuɗanya da mutane, duk abin da ya ƙi a jikinsu ya tuhumi kansa da shi. Ku lura da kyau, duka huɗun akwai wani mutum a ciki. Zan komo kan wannan.

Inda muka rabu da littafin shi ne ya zuba kaya iri-iri cikin buhu ɗaya, ya rubuta a jiki: karɓa, ka rungume. Dillali a kasuwar amfanin gona ba zai saya maka buhun da ka gauraya riɗi da dawa da tsakuwa ba, sai an tankaɗe.

Akwai abin da muke ɓoyewa wanda ba laifi ba ne ko kaɗan. Yaro nawa a cikinmu ke amsa wa mahaifiyarsa da Larabci a cikin mota, don kada a ji Hausa a bakinsa a ce masa Fallata da sigar raini? Wasu sun girma da wannan kunyar har ta zama musu fata, musamman bayan abin da ya faru a Damazin da Rusairis a watan Yuli na 2022. Wannan kam a fito da shi a karɓa gaba ɗaya. Bambancin harsuna Suratur Rum ta lissafa shi cikin ayoyin Allah. A nan ni da marubuciyar bakinmu ɗaya.

Akwai kuma hassada da riya da son a fi kowa. Su ma dole a gan su, a kira su da sunansu. Amma ka ce "akwai hassada a cikina" daban, ka ce "haka nake, a bar ni" daban, littafin kuwa bai ja wa mai karatu layi tsakanin biyun ba. Gazali ya ja. A babin abubuwan mamaki na zuciya ya nuna matakai 4 kafin aiki: tunanin da ya faɗo, sai karkatar ɗabi'a zuwa gare shi, sai zuciya ta yanke cewa ya dace a yi, sai ƙudurta niyya. Biyun farko ba a kama bawa da su, don ba da zaɓinsa suka zo ba. Wallahi wannan ya fi duk shafukan madubin nan sanyaya zuciya. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wasu sahabbai sun kai kuka cewa suna jin abubuwa a ransu da suke ganin girman furta su, Annabi (SAW) bai kore su ba, ya ma shaida musu cewa ƙyamar da suke ji alamar tsantsar imani ce. Ka ga an ba ka damar duba cikinka ba tare da firgita ba, kuma ba a ce ka shimfiɗa wa abin tabarma ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi wannan sawun a Ulumul Mu'amala, inda ya jero halaye masu halakarwa da maganinsu. Balle kuma ɗabi'ar da ta biyo littafin, ta mutum ya ɗauki kansa a bidiyo yana karanta wa duniya asirinsa yana kuka. Wanda Allah Ya suturta, me ya kai shi yaye mayafin?

Kaya na uku shi ya hana ni barci, don shi ne namu na yau. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, garin nan ya karɓi mutanen Khartum, sai na Madani a Disambar 2023, sai na Sinja a tsakiyar 2024. Makarantu sun zama gidaje. A sahun sallarmu akwai wanda ya bar gawa bai binne ba, akwai wanda ya gudu ya bar tsoho don ba zai iya ɗaukarsa ba. An rubuta littafin ne don mai zaman lafiya da ke tuna faɗan da aka yi masa yana yaro. Ka ba mutumin da ya taka hanyar Dindir da ƙafa cikin damina alƙalami da tsakar dare, shi kaɗai, ka ce ya tono abin da ya fi yi masa ciwo, sannan shafi ya ƙare babu kowa kusa? Wanzami ba ya tsaga ƙurji ya tafi ya bar shi a buɗe.

Malamanmu sun san da wannan haɗarin. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, ya yi babi-babi kan fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi. Ya raba baƙin ciki biyu: mai sananniyar sila, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauka babu sila, ya ce wannan daga jiki yake, jikin ake yi wa magani. Ya gargaɗi mai waswasi kan kaɗaici da zaman banza, ya kuma lura cewa mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani a kan daga kansa. Ɗan ƙasar nan ne ma ya fito da sashen ga duniya da Ingilishi a 2013, Farfesa Malik Badri, haifaffen Rufa'a, Allah Ya jiƙansa. Kafin shi, Dakta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, ya nemi haɗa hannu da malaman addini wajen kula da marasa lafiya, bai raina su ba.

Sai dai fa kada mu yi saurin tafa wa kanmu. Me ya kai yaranmu TikTok? Mu ma buhu ɗaya muke da shi, rubutun jikinsa ne ya bambanta: "waswasin Shaiɗan ne", ko "ka yi haƙuri". Mace ta ce ba ta barci tun da suka baro Madani, a ce mata tawakkalinta ne ya yi rauni. Saurayi ya fara magana, a toshe shi da "namiji ba ya kuka". Ni kaina na faɗi irin wannan a zaman makoki, don in gajarta abin da ban san yadda zan saurara ba. Alhali Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne mai kyakkyawan haƙuri. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Wanda aka rufe masa ƙofa a masallaci, duk tagar da ya gani a buɗe zai leƙa.

Da mako ya cika, ɗalibin ya dawo. Na ce masa, "Ɗana, rubuta abin da ke ranka ba haram ba ne, muhasaba ma an san ta tun zamanin Harisul Muhasibi. Amma me kake son ka rubuta?" Ya yi shiru mai tsawo. Ashe tare da yayansa suka fito, shi ya iso, yayan bai iso ba, kuma a ranar da suka rabu sun yi cacar baki a kan jarkar ruwa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarsu. Mun zauna har aka kira Isha. Ban yi masa wa'azi ba. Na dai tambaye shi barcin awa nawa yake samu, ya ce biyu, wani lokaci uku. Mun yi da shi cewa ranar Lahadi ni da kawunsa za mu raka shi wajen likita, duk Laraba bayan Magariba kuma ya zo mu zauna.