Masu Gyaran Sifirin a Hanyar Tsamiya

Akori-kurar da ta yi lodin shinkafa ko albasa a Bagudo ta nufi Ka'oje, ko ta zarce Tsamiya inda ake tsallakawa Segbana ta ƙasar Benin, yawancin nauyin kayanta yana kan wasu fallayen ƙarfe da aka jera a ƙarƙashinta. Su ne sifirin, kuma masu gyaransu sun cancanci a sara musu.

Gwanin bakanike ba ya gaggawar ɗaukar sifana. Sai ya tsuguna a bayan motar, ya dubi tazarar taya da bodi, hagu da dama, sannan ya ce wa direba, "Maigida, na hagun nan ya kwanta."

A 1678 wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya bayyana ƙa'idar da wannan aiki ya dogara a kanta: gwargwadon nauyin da aka ɗora, gwargwadon lanƙwasar ƙarfen. In buhu 10 sun sauke mota inci 1, buhu 20 za su sauke ta inci 2, a sauke kaya kuma ta miƙe ta koma yadda take. Sai dai abin yana da iyaka. Da zarar lodi ya wuce kima, ƙarfen ya lanƙwashe ke nan.

A nan gwanintar take. Zai kwance fallayen ɗaya bayan ɗaya, ya zana da alli a ƙasa irin lanƙwasar da yake so, ya ɗora falle a kan maƙera yana bi da guduma, taki kaɗan-kaɗan, yana gwadawa da zanen. Ba ya yarda ya sa shi a wuta, domin zafi na kashe horon ƙarfen. Ya kuma san bugun nan tsayin mota kawai yake maidowa. Mai son ƙarin tauri sai an ƙara masa falle, ko a sa mai kauri, kuma kauri ba abin wasa ba ne: in ya ninka sau 2, tauri kan ninka sau 8. In aka zarce, mota ba kaya sai ta riƙa tsalle tana wujijjiga fasinja, shi ya sa yake fara tambayar direba irin lodin da ya saba yi.

Fallen da ya karye kuwa, mai gaskiya ba ya yi masa walda, don a gefen waldar zai sake tsagewa. Maƙera ake kai wa, su fitar da adda ko wuƙa.