Gadon Zunubi da Ɗabi'ar Almasihu: Nazarin Hujjar Agustin

Agustin, bishop na Hippo (Annaba ta Aljeriya a yau), ya tafi a kan cewa kowane mutum yana gadon zunubin Adamu ta hanyar haihuwa. Pelajiyus ya musanta haka, majalisar Kartaj ta 418 kuwa ta yi watsi da ra'ayinsa. Sai dai nasarar Agustin ta bar baya da ƙura. Kiristoci sun ƙudurta cewa Almasihu ya ɗauki cikakkiyar ɗabi'ar ɗan Adam, kuma ba shi da zunubi. To, wacce ya ɗauka? In gurɓatacciya ce, ina tsarkinsa? In tsarkakakkiya ce, ta yaya ta zama irin ta sauran mutane?

Agustin ya amsa cewa sha'awa ce ke isar da zunubin, Almasihu kuwa ba ta saduwa aka ɗauki cikinsa ba. Amsar tana da rauni, domin jikinsa daga Maryam yake, ita kuma uwa da uba suka haife ta. Tomas Akwinas bai yarda ta kuɓuta daga gadon tun ɗaukar cikinta ba, Dans Iskotus ya yarda, Paparoma Piyus na Tara ya mayar da kuɓutar aƙida a 1854. Amma in falalar Ubangiji ta iya keɓe Maryam alhali iyayenta sun sadu, to saduwa ba ta lizimta gadon kamar yadda Agustin ya raya ba.