Masassaƙan Hanyar Vercors

Duk direban da ya bi ta Combe Laval, a tsaunukan Vercors na kudu maso gabashin Faransa, yana bin sawun mutanen da suka cancanci jinjina. Hanyar manne take da ƙirjin dutse, kwazazzabo na ƙarƙashinta da zurfin ɗaruruwan mitoci. An buɗe ta a ƙarshen ƙarni na 19, kuma ba domin masu yawon buɗe ido aka yi ta ba. Gumagumai ake son sauko da su daga dajin Lente zuwa Saint-Jean-en-Royans.

Dutsen yankin irin wanda ake ƙonawa a sami farar ƙasa ne. Ruwa na cin sa a hankali, shi ya sa koguna kamar Bourne da Vernaison suka yanka shi suka bar bango a tsaye, babu inda ƙafa za ta taka. A Grands Goulets, wata hanyar dutse ta yankin, inda aka yi aikin a tsakiyar ƙarni na 19, da igiya ake zura ma'aikaci daga sama. Yana reto zai huda dutse da guduma, ya cusa albarushi, ya kunna, sannan ya tokari bangon da ƙafa ya kauce kafin albarushin ya tashi. Wannan ƙarfin hali na ba ni mamaki matuƙa, musamman da yake yawancinsu ko sunayensu ba a ambato.

Faɗowar duwatsu ta sa aka rufe Grands Goulets a 2005, aka huda sabuwar hanya ta cikin dutse, aka buɗe ta a 2008. Ta Combe Laval kuwa har yau motoci da kekuna na bin ta.