Jinjina ga Masu Haɗa Fuskar Dodo

Idan watan azumi ya kama a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, yara kan fito bayan shan ruwa da wasan Dodo, ɗan'uwan tashen Kano. Fataken Hausa ne suka kai shi can a ƙarni na 19.

Jinjinata ga hannuwan da ke haɗa fuskokin da yaran ke sakawa a wasan. Yaro zai samo tsohuwar ƙwarya ko kwali, ya huda idanu biyu, ya liƙa kunnuwa ko ƙaho, ya shafa fenti, sai ga zaki, biri ko ɓauna. A gindin yayansa yake koyo, yau da gobe har hannunsa ya faɗa.

A Meksiko ma akwai gwanayen irin wannan aiki: takarda bisa takarda, ana shafa kunun fulawa, a shanya ta yi tauri. A cikinsu Pedro Linares ya ƙirƙiro dodannin alebrijes a 1936, duniya ta san sunansa.

Namu masu haɗa fuskar Dodo ma sun cancanci wannan yabo, domin abin da wani ya yar a bola shi suke mayarwa farin cikin unguwa. Sannunku da aiki, samari. Allah ya yi albarka.