Jinjina ga Ma'aikatan Jinyar Masu Taɓin Hankali

Ma'aikatan jinyar masu taɓin hankali, waɗanda sai sun kammala karatun jinya na gama-gari kafin su ƙaro horo na musamman a makarantu irin ta asibitin Barnawa da ke Kaduna, sun cancanci yabon da ba kasafai suke samu ba. Su ne ke zaunawa kusa da majinyacin da ya ƙi abinci, suna lallashinsa har ya karɓi magani, sannan su fahimtar da danginsa cikin haƙuri cewa mari, wato ƙarfen ɗaure ƙafa, ba ya warkarwa. Suna kuma cikin masu aiwatar da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a 2023 domin kare haƙƙin majinyata.